Tangaran ɗin Kawu Mosko

Kun dai san Kawu Mosko, ƙanin babana, ba ya karya kumallo sai ya goge tangaran ɗinsa. Butar shayi ce da kofuna shida masu shuɗin zane da ruwan zinare, tun na zamanin sarakunan Rasha. Wata tsohuwa ce ta ba shi sa'ad da aka tura shi can koyon narkar da ƙarfe. Ya dawo, aikin bai samu ba, ya ƙare yana walda a Kwamba, a ɗakin haya. Shayinsa kuwa? A gwangwanin madara!

In na ce, "Kawu, ga kofuna fa," sai ya ce, "Da wannan bakin namu? Matsa can!"

Wata rana ya kira Maman Danladi mai ginin tukwane ta zo ta ga ikon Allah. Ta ƙare wa butar kallo, ta ce, "Tana sanyaya ruwa?"

"A'a."

"Ana dafa wake a ciki?"

"Haba!"

"Wayyo Malam, sannu. Sun cuce ka."

Har aka yi Sallah bai amsa gaisuwarta ba.

Lokacin wahalar man fetur ɗin nan, wani Bature mai tara irin waɗannan kaya ya zo takanas daga Abuja. Da ya kifa kofi ya ga tambarin sarki a gindi, sai ya ƙirga sauran kofunan. Ya ce tunda a cike suke, ba ko ɗaya da ya ɓace, ko gida ne a Madalla zai saya wa Kawu. Inna Laraba, matarsa, har ta fara guɗa a bayan labule.

Kawu ya karɓe kofinsa, ya ce, "Da hagu ya ɗauka. Ku raka shi."

Ranar dai ba a ɗora tukunya a gidan ba.

Daga baya ciwon ƙoda ya kwantar da shi, magani ya gagara. Ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa: "Sa'adatu, nemo mini Baturen nan. Hagun ma na yafe."

Na je Abuja, aka ce tuni ya bar ƙasar. Na kai tangaran ɗin kasuwa, mai shago ya ce na China sun fi girma, kuma dozin ne. Da na dawo na faɗa masa, sai ya ce, "Ni da su duk ɗaya ne. An kawo mu inda ba a nemanmu."

Bai ga ƙarshen damina ba. A rabon gado na roƙa har da hawaye kada a raba butar da kofunan, don in aka raba sun tashi daga daraja. Ina! Aka bi 'ya'ya da kofi ɗai-ɗai. Guda yana unguwar Hashimi ana awon gishiri da shi. Butar kuwa manja Inna Laraba take zubawa.

Ku yi dariyarku, ni ma na yi. Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa taurin kai, Ka sauke shi a gidan da za a san darajarsa. Amin.