Ƙahonnin da Suka Zarce Jiki

Ana kiransa Sai-an-duba, domin a tsawon rayuwarsa ta duba itace a ma'ajiyar katako bai taɓa yanke wa ƙwaro hukunci da ka ba. Ƙwaro mai sulke a baya, in ji shi, dangi-dangi ne. Mai dogon baki hatsi yake ci, mai ƙafafu kamar zarto ƙasa yake tona, mai ƙahonnin da suka zarce jikinsa kuwa 'ya'yansa ne ke cin katako daga ciki. Wanda ya kashe su duka don gudun bincike azzalumi ne, ko da ya dace.

Da tsufa ya cinye masa ido, sai ya lizimci ɗakin da ya rufa da hannunsa, inda matarsa ta yi jinyar ajali. 'Yarsa ta daɗe tana roƙon ya koma wurinta, yana ƙi.

Wata safiya ta ga garin itace a kan matashinsa, da ƙwaro a gefe. Ta kife shi da kofin gilashi.

"Baba, rufin nan zai faɗo maka."

"Uwata, baƙo ma yakan shigo bin fitila. Faɗa mini kamarsa. Bakinsa dogo ne?"

"Gajere. Ya fi naka kunya."

Ya yi murmushi. "Ƙafafun gaba fa, masu haƙora ne?"

"Sirara ne, sumul."

"Ƙahonni?"

"Wai! Sun wuce bayansa, gaɓa-gaɓa kamar kara."

Ita ba ta san ma'anar abin da ta faɗa ba. Da ya ce mata baƙo ne, da ta share garin ta tafi, ya zauna a ɗakinsa. Amma ya auna: idan ƙa'idarsa tana aiki ne kawai ranar da ta wanke wanda yake so, to ba ƙa'ida ba ce, son zuciya ne da ya yi wanka.

Ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa katakon rufi. Sautin ya dawo holoƙo, alamar an cinye cikinsa.

"Ɗan gida ne," ya ce. "A nan aka haife shi. Ki fara kwashe littattafaina, Uwata. Matashin mahaifiyarki ni zan ɗauka."