Maganin Yaya a Cikin Kunun Gyaɗa

Shekara uku ke nan da muka binne yayata a wata maƙabarta da ke bayan birnin Alƙahira, kuma har yau ban gaya wa kowa a gidanmu abin da ya kai ta ƙasa ba. An ce musu ciwon huhu ne, na bar shi a haka. Zan kira ta Balaraba a nan, ko da yake ba sunanta ba ne. Na ɗauki alƙalami bana ne domin shirun da nake ta yi mata da sunan rufin asiri ya fara ba ni tsoro.

Yaya Balaraba 'yar kasuwa ce. Bayan rasuwar mijinta ta fara zuwa Masar sarin abaya da mayafai, tana sauka wurina a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira, inda nake haya ina karatun Shari'a. Larabcinta bai wuce na ciniki ba, amma na sha ganin ta sa ɗan kasuwar Ataba gumi a tsakiyar sanyi. Ustazu take ce mini don tsokana. Takan ce na haddace babin tsarki kaf, amma ban san inda soson wanke-wanke yake a gidana ba.

Tana da wata kwalbar habbatus sauda da ba ta rabuwa da ita, ciki kuwa ƙwayoyi ne da take sha kullum bayan asuba. Ta ce na hawan jini ne. Wata rana ina fitar da shara na ga kwalin da ta yayyaga, na haɗa sunan, na bincika. Maganin cuta mai karya garkuwar jiki ne, wato HIV. Amma ban ce mata komai ba. Ina jin ta gane na sani, domin daga lokacin ta daina ɓoye kwalbar idan na shigo, ita ma kuma ba ta ce uffan ba. Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya, ita ta goya ni. A gidanmu ƙane ba ya buɗe baki ya yi wa yayarsa irin wannan magana, kuma a lokacin ina ganin tarbiyya ce.

A 2012, gari bai gama daidaita ba bayan juyin juya halin Masar, 'yan sanda suka tare ta a hanyar dawowa daga kasuwa. Bizarta ta ƙare tana jiran kaya. Aka tsare ta a wani ofishinsu, aka ce sai an gama bincike. Kowa ya ce ai kwana biyu ne. Manyan unguwarmu suka ce a bi a hankali, kada a kawo lauya a ɓata wa jami'ai rai.

Washegari na tafi da kwalbar a aljihu. A layin masu kai abinci na ga an mayar wa wata mata da maganin da ta kawo, an ce ba a karɓa sai a kwalinsa, tare da takardar likita. Mu kuwa kwali babu, takarda babu. Ga shi duk baƙo a nan ya san cewa wanda aka gano yana da cutar, kora daga ƙasar ce makomarsa, kuma labari a tsakanin 'yan ƙasarmu yakan riga jirgi isa Kano. Na juya na koma gida da kwalbar.

Sai dabara ta faɗo mini. Kullum in daka ƙwayar ranar da gindin kofi, in zuba a kunun gyaɗa, in ƙara tsamiya da sukari su danne ɗacin. Ɗan sandan ƙofa ya sa cokali ya juya, bai ga komai ba, ya ce in wuce. Har wani gwani na riƙa jin kaina. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban gaya mata ba. Ganawar minti biyu ce ta wata 'yar taga, ga hayaniya, ga matan unguwarmu da suke yi mana kara, kullum da mai raka ni, tana tsaye a kafaɗata. Iyakar abin da na iya cewa shi ne ta daure ta shanye, ta ce to. Na ɗauka ta gane, kamar yadda muka saba gane juna ba tare da magana ba.

Duk wanda ya san Yaya da ya hango abin da ni ban hango ba. Matar da ko gyaɗa take ci a mota sai ta miƙa wa na kusa da ita, ta yaya za ta kafa kai a kwano ita kaɗai a ɗakin da mata suka cika suna kallonta?

A sati na bakwai na same ta ta rame, tana tari, amma bakin nan yana nan.

"Ustazu, kunun nan naka ɗaci gare shi, ka daina wahalar da gyaɗa. Amma Hajja Asha kullum sai ta sa maka albarka."

Na tambaye ta wace ce Hajja Asha. Ta ce wata tsohuwa ce Bahaushiyar Sudan da suke ɗaki ɗaya, ba ta da haƙora, burodin wurin ya fi ƙarfinta, kuma ba mai kawo mata komai. Yaya takan kurɓa sau ɗaya don kada ta yi mini ƙarya, ta miƙa mata sauran. Na juya na roƙi maƙwabciyar da ta raka ni ta ɗan ba mu wuri, abin da ya kamata in yi tun sati bakwai da suka wuce.

"Yaya, maganinki ne a ciki. Tun ranar farko."

Abin da ta fara tambaya shi ne ko zai cutar da tsohuwar. Sannan ta tambayi nawa ya rage. Na kwana huɗu ne ya rage.

A ranar na nufi Wustul Balad, tsakiyar birni, wurin wata lauya mai taimaka wa baƙi. Ta saurare ni har na gama, ta dafe kai. Ta ce tun ranar farko muna da damar rubuta wa mai gabatar da ƙara mu nemi likita ya duba ta, domin tsarewa ba ta soke haƙƙin mutum na magani, kuma likita ba shi da hurumin yaɗa abin da ya gani. Ba ta ruɗe ni ba. Ta ce wani lokaci takardar tana aiki, wani lokaci tana tsufa a durowa, kuma korar kusan tabbas ce. Amma wanda aka kora yana iya zuwa gida ya ci gaba da shan maganinsa. Ni da na yi shekara huɗu ina karanta haƙƙin ɗaurarre a littattafan fiƙihu, bai taɓa zo mini a rai ba cewa yayata tana cikin waɗanda ake nufi.

Yaya ta yarda a rubuta, da sharaɗi ɗaya: kada maganar ta kai gida. Tana da 'ya ɗaya, Ummi, mai shekara shida a lokacin, tana hannun Umma, mahaifiyarmu, kuma ba ta so a riƙa janye yara daga kusa da ita. Na yi mata alkawari. Takardar ta ci sati uku. Kafin a kai ta asibiti tarin fuka ya riga ya ci ƙarfinta. Aka sa ta a ɗaki ita kaɗai, da mai gadi a ƙofa, nan ta yi wata guda da 'yan kwanaki, Allah Ya karɓi abinsa. Likitan ya ce mini ba wanda zai iya rantsewa cewa da ta sha maganin da ta tashi. Na yi masa godiya, amma maganarsa ba ta taɓa sanyaya mini zuciya ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da za ta ga yau. Har yanzu ana tare mutanenmu a kan takardun zama, kuma ni ake kira in yi tafinta. Duk wanda na je wurinsa, nakan sallami 'yan rakiya tukuna, in tambaye shi kai tsaye ko akwai maganin da yake sha kullum. Yawanci sai a ce mini lafiya lau, alhamdu lillahi. Wasu gaskiya suke faɗa. Wasu kuwa sai na ga idonsu ya kauce, in dawo gida hankalina a tashe, domin ba ni da ikon tilasta wa kowa. Ina jin Yaya za ta yi dariya ta ce Ustazu ya iya magana bayan kasuwa ta watse. Ba na jin za ta ga mun canza. Har yanzu idan aka ambaci cutar a majalisarmu sai a rage murya, wani ya yi a'uzu billahi kamar an ambaci laifi, alhali ba mu san wa ke zaune a cikinmu yana ji ba. Da irin wannan muke koya wa mutum ya zaɓi ciwo a kan magana, ko da yana bayan ƙarfe.

Abin da ya rage na Yaya ba shi da yawa. Akwai matan unguwa da har yau ba sa ambatonta sai da addu'a, akwai kabarin da nake ziyarta, sai kuma Ummi. Yanzu shekararta tara, an ce bakinta sak na uwarta. Duk lokacin da na kira gida Umma ta ce yarinyar ta ɗan yi zazzaɓi, sai in yi ta tambayar kwana nawa ya yi a jikinta. Ban san yaushe Yaya ta kamu ba, kafin haihuwar ne ko bayanta. Ban san ko ta taɓa kai yarinyar gwaji ba. Na yi wata guda ina zama a gefen gadonta a asibiti, tambayar tana bakina, kunya ta hana ni yi.

Hutun nan mai zuwa zan je gida. Ba wanda zai bar ni in ɗauki yarinya in kai ta asibiti ba tare da na faɗi dalili ba, kuma Umma ba a yi mata kwana-kwana. Na yi wa Yaya alkawari, ban manta ba, kuma ina tsoron ranar da zan tsaya gaban Allah da shi a karye. Amma na riga na ga abin da shiruna ya yi wa mutum ɗaya. Yaya, ki yafe mini, zan gaya wa Umma.