Tarin da Ya Kwantar da Ni, da Tambayar da Na Ɓoye

Salama gare ku 'yan'uwa da abokan arziki. Wata takwas ke nan ban rubuta komai a shafin nan ba. Masu kawo ɗinki sun yi ta tarar da shagona na Garo a kulle, wasu har sun ji an ce na rasu. Ina nan da raina.

Tari ne ya fara mini da damina. Na ɗauka mura ce. Na shanye kwalba uku ta maganin kemis, bai tsaya ba.

Sai yawan zufa, sai abinci ya fita kaina. Zane ya daina zama a ƙuguna. Duk da haka ban fasa zuwa coci ba, don ni ce shugabar mata, kuma a ganina shugaba ba ta kwanciya.

Wata Asabar da safe ina sharar coci na yi tari, na ga jini a ƙasa.

Maigidana Ishaya bai tsaya tambaya ba, ya tayar da babur muka tafi asibiti a Gwarzo. Aka ba ni 'yar roba in tofa kaki, aka ɗauki hoton ƙirji, aka auna ni, kilo arba'in da ɗaya. Buhun dawa biyu muka sayar saboda hoton da gado.

Likita ya ce, "Malama Rifkatu, tarin fuka ne, kuma ana warkewa. Maganin kyauta ne, amma wata shida za ki yi kina sha kullum da safe. Ko kin ji sauƙi kada ki daina."

Kwana goma sha shida na yi a kwance. Manyan ƙwayoyi kafin karin kumallo, takunkumi a baki, fitsari ya koma ja har na tsorata, sai da nas ta ce aikin maganin ne.

A rana ta biyar Baffa Nomau ya zo. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun da iyayena suka rasu. Har yanzu yana kan addinin kakanninmu, yana yi wa iskokin gida yanka.

Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, abin gida kika bari, shi ya kama ki. Na riga na ɗaure baƙin bunsuru. Ke dai ki ce to."

Ba zan ɓoye muku ba, na so in ce to. Ina tsoron mutuwa, ga 'ya'ya uku a gida.

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Na ba Yesu kaina, ba zan iya ba."

Ya ɗauki sandarsa ya ce, "To shi ya tashe ki." Bai sake zuwa ba.

Na zata zan sami kwanciyar hankali bayan wannan. Ban samu ba. Sai na fara tambayar kaina: in da gaske ni ta Almasihu ce, me ya sa zuciyata ta yi kwaɗayin bunsurun nan? Shekara ashirin da yi mini baftisma, ga shi ko addu'a na buɗe baki ba ta fitowa. In na mutu a gadon nan, na sami ceto kuwa?

Ko Ishaya ban gaya wa ba. Kunya nake ji.

Sai da Baba Yohanna ya zo, tsohon fastonmu da ya yi ritaya yake zaune a Kabo. Ya ja benci kusa da ni, ya tambaye ni jiki. Ban san lokacin da na zazzage masa komai ba.

Ya ce, "Rifkatu, kina tsammani shara da shugabancin mata ne suka saya miki ceto?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya ce, "In da saye ake yi, da ni ma ban samu ba. Alheri ne, an ba ki tun ba ki iya komai ba. Zuciyarki ta yi rawa, tawa ma ta sha yi. Amma kin ce a'a, kin kuma ɓata da uban da ya raine ki a kan haka. Bin Almasihu yana da tsada, kin ɗanɗana. Sai dai ba kuɗin ceto kike biya ba."

Ya yi addu'a, ni dai amin kawai na iya cewa. Ranar na cinye abincina tas.

Tambayar ba ta tafi gaba ɗaya ba. Takan dawo jefi-jefi, amma yanzu ba ta hana ni sukuni.

A wata na biyu gwajin kaki ya fito lafiya. A na shida likita ya rufe katina ya ce na warke. Kilo hamsin da huɗu nake yanzu, na kuma buɗe shago.

Sau uku na je gaishe da Baffa. Biyun farko bai amsa ba. A na uku daga cikin ɗaki ya ce, "An ce kin yi ƙiba." Na ce, "Na yi, Baffa." Ya ce, "To madalla." Zan ci gaba da zuwa.

Na gode wa Allah. Na gode wa Ishaya da ya koyi tuƙa tuwo a kaina, da ma'aikatan asibiti, da matan coci. Na gode wa maƙwabciyata Hajiya Binta, wadda ta riƙa shigo mini da kunun gyaɗa kowace safiya a lokacin da mutane suke tsayawa daga ƙofa.

Tarin da ya wuce mako biyu, a je asibiti a yi gwaji. In an fara magani a shanye shi, a kuma kai 'yan gida a duba su. Wanda yake da tambaya irin tawa a zuciyarsa, ya sami babba mai tsoron Allah ya faɗa masa.

In kuma kunya ko tsoro ne ya hana ki zuwa asibiti, ki biyo ta shagona. Zan rufe in raka ki.