Ruwan da Ke Tafasa Babu Wuta

Ko zan manta komai na zaman da na yi a New York, ranar da na tafi ɗebo wa maigidana ruwa a cikin duwatsu ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin ciwon ciki ya kwantar da shi a gidanmu na titin Grand Concourse. Likitoci sun sallame shi, suka ce a kula da shi a gida, na kuwa gane abin da suke nufi. Abinci ba ya wucewa, ruwa ma sai da lallashi. Shi mutumin Abzin ne. Yana yaro mahaifinsa kan kai shi wani kwari inda ruwa ke ɓulɓulowa daga ƙasa da kumfa, kamar yana tafasa, alhali sanyi ƙalau. Wata safiya ya ce, "Hajiya, da zan samu kurɓi ɗaya na ruwan nan." Na sayo masa ruwan kwalba mai gas a shago. Ya ɗanɗana, ya kau da kai. "Wannan inji ne ya hura shi."

Maƙwabcinmu, mutumin Kumasi mai tuƙa tasi, ya ce ya taɓa kai fasinja irin wannan wuri, can arewa da birni. Na bar maigida a hannun ƙanwata, muka kama hanya bayan asuba, ni da maƙwabcin da matarsa, da jarkoki a but ɗin mota.

Ban zauna daidai ba a motar nan. In duba waya, in ajiye, in sake ɗauka. Da muka gangara cikin kwarin sai sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Idan aka neme ni fa?

Wurin ɗan tafki ne tsakanin duwatsu, bakinsa ja kamar tsatsa, kumfa na ta tasowa daga ƙasa. Turawa sun tsoma ƙafafu suna hira. Gefe guda akwai idon ruwan da ake ɗiba a sha. Na kurɓa, na ji ɗanɗanon kanwa da ƙarfe, ya yi mini yaji a hanci. Amma na ga jan gari-gari yana yawo a ciki. Mu kuwa tun muna yara ba a kai wa mara lafiya ruwan rijiya sai an tace. Matar maƙwabcin ta warware farin ƙyalle, muka riƙa juyewa daga bokiti zuwa jarka, muka sake tacewa har ya yi garau.

Mijinta ya ce, "Ku mata, ruwan nan ba koko ba ne fa!"

"Kai dai tuƙi ka sani," in ji ta. "Laka za mu ba Alhaji?"

Ya cika wata robar lemo da ya shanye kai tsaye daga idon ruwan, ya murɗe murfin tam, wai tsarabarsa ce.

A dawowa cunkoson motoci ya riƙe mu a bakin birni. Ƙanwata ta kira, ta ce maigida yana ta tambayata. Ji nake kamar in fita in tafi da ƙafa.

Da magariba na zuba masa a kofi. Ruwan ya kwanta lum, ko kumfa ɗaya babu. Juye-juyen da muka yi ya fitar da iskar duka. Ya jiƙa leɓe, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, kin sha hanya." Na san muryarsa. Lallashina yake.

Maƙwabcin yana bakin ƙofa. Ya fita, ya dawo da robarsa, jan garin ya taru a gindi. Ya tsuguna, ya murɗa murfin a hankali. Sai muka ji tsss.

Maigida ya buɗe ido. Ya sa aka kara masa robar a kunne, ya daɗe yana saurare. Sannan ya kurɓa, ya yi atishawa, ya yi dariyar da na kwana biyu ban ji ba.

"Shi ne," ya ce. "Har da ƙasar."

A makon nan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Yau in mara lafiya ya roƙe ni abu, yadda ya faɗa nake kawo masa, ba na gyara masa shi. Na koya cewa abin da mutum ke kewa, wani lokaci yana cikin abin da kake tacewa ka zubar.