Hancin Maigidana da Ƙonannen Fis

Jiya a Pitowa na ciro ƙonannen fis daga saman taransifoma, sai na ga na kai shi hanci. Haka marigayi maigidana, wanda ya koya mini aikin lantarki a Garuwa, yake yi kafin ya zaɓi sabon fis.

Wata rana ya shinshina wani ƙonannen fis, ya ce, "Ba tsawa ba ce, injinan niƙa ne suka tashi tare."

Na ce, "Baba, mu sa babba mana."

Ya harare ni. "Babban ya ƙi tsinkewa, taransifoma ta ƙone, unguwa ta zauna a duhu?"

Ni dai jiya ƙauri kawai na ji. Me hancinsa yake ji ne? Ban taɓa tambayarsa ba. Allah Ya haskaka kabarinsa.