Injin Buga Sunan Yaya Hajjo

Ku da kuka ci tuwon biki daga hannun Yaya Hajjo, kun san injin nan da take ratayawa a wuya kamar laya. Kowa ya je Makka ya dawo da haƙorin zinari, yayata kuwa sai ta dawo mana da abin buga suna. Ta murza harafi, ta matse, ƙas! Har sunan abu ya fito a 'yar leda mai danƙo, ta manna.

Ba abin da ya tsira a madafarmu ta Tudun Wadar Gusau. Gishiri, yaji, kuloli, har ludayi.

Na ce, "Haba Yaya, wa bai san ludayi ba?"

Ta ce, "Wanda ya san shi ai shi ka ɗauke shi."

Ga tsimi! Ledar sai an je Kano ake samu, don haka in biki ya watse sai ta bi kulolin tana ɓanɓarewa, ta sake mannawa da ƙaro. Akwai wani SHINKAFA da ya yi shekara uku yana mana aiki.

Sai wata Asabar ta karɓi biki uku: Gusau, Tsafe da Bungudu. Masu sana'a irin tamu suka ce ta ɗebo ruwan dafa kanta, suka zuba ido. Mu ma mun san in abinci ɗaya ya ɓace hanya, sunanta ya zube ke nan. Ga uban amaryar Bungudu yana da hawan jini, an yi masa tasa miyar daban ba gishiri.

Ta bi kula ashirin da ɗaya ta manna wa kowace garinta. Sannan ta tsaya tana kallon direbanmu mai kai abincin Bungudu, Malam Ige, mutumin Tsafe, wanda ko kasuwa aka aike shi hannunsa gida yake juyawa. Ƙas, ƙas, ƙas! Ta leƙa motar ta manna BUNGUDU a sitiyari.

Ya ce, "Hajiya, wanga ai cin fuska ne! Shekara goma ina tuƙi."

Ta ce, "Kulolin sun san inda za su. Kai ne ban yarda da kai ba."

Bayan la'asar sai ga shi yana sosa ƙeya.

"Hajiya, wallahi har na miƙe hanyar Tsafe, sai na ga abin nan yana hararata. Na juya. Tsohon ya cinye tasa tas, ya ce in kawo miki albarka."

Kai, zo ku ji guɗa! Yaya, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta zaga tukwane tana rawa, tana cewa a je a gaya wa masu zuba ido su runtse haka nan.

Yau ni ke riƙe da madafar, kuma wallahi ina kewarta. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe mata. Ranar da za a raba wa kowa littafinsa, Allah ya miƙa mata nata a hannun dama, da sunanta ɓaro-ɓaro.