Mayaƙan Mudassir da Rigar Malam

Mudassir ƙanin mijina ne, marigayi Malam Labaran, Allah ya jiƙansa. A hannunmu ya tashi a Yako. Tun yana ƙarami ba ya barin bango ya huta, shi da gawayi, ni ina binsa da tsumma. Malam bai hana shi zane ba. Abu ɗaya ya roƙe shi, kada ya zana fuskar mai rai. Ya yi alkawari. Da ya girma allunan shaguna yake yi a Bebeji, buhun taki da kwalbar lemo, ba mutum ba dabba.

Bayan rasuwar Malam, wasu samari a Kano masu haɗa wasan waya suka ba shi aiki. Mayaƙan dā suke so, irin na tatsuniya. Ya sayo tsofaffin littattafan tarihi, wasu ko bango babu, ya baje su a tabarmata don 'ya'yansa ba sa barin takarda lafiya. A nan na san sulke ƙananan zobba ne aka sarƙa, lifidi kuwa auduga aka cusa aka ɗinke kamar katifa. Har hancinsa yake kaiwa jikin hoto, yana duba yadda aka ɗaure kwalkwali.

Kayan yaƙin sun yi kyau. Amma samarin suka bugo waya: ina mutanen da za su sa su? In ba zai zana ba, za su nemi wani.

Ya zo ya zauna, kunun da na dama ko taɓawa bai yi ba.

"Yaya, Malam ba ya nan, amma wallahi kunyarsa nake ji."

Na ce, "To koma wa buhun takinka, shi ba shi da ido."

Ya yi dariyar yaƙe. Ranar na wanke babbar rigar Malam, wadda ta faɗo a rabona, na shanya a igiya. Iska ta shige ta, kafaɗun suka cika, har ta ɗan karkata hagu irin tsayuwarsa. Sai na ga Mudassir ya gyara zama ya sunkuyar da kai, yadda yakan yi in yayansa ya shigo. Can ya ɗago ya zuba mata ido.

"Yaya, don Allah kar ki kwashe ta."

Ya zaro fensir. Sulke da lifidi da kwalkwali ya zana a tsaye riƙe da mashi, ba kowa a ciki. Inda fuska za ta zauna duhu ne kawai. Samarin suka karɓa, har suka ce ya ƙaro runduna guda.

Ni ban iya wasan ba. Amma cikin mayaƙan akwai ɗaya mai karkata hagu irin tsayuwar Malam, in ya miƙo mini wayar shi nake nema. Na ce, "Mutumin da ko akuya bai taɓa duka ba ka ba shi mashi?"

Ya ce, "Yaya, ai shi ba ya faɗa. Ƙofar gari yake tsaro."